Kwana takwas a gaɓar tekun Kenya da iyali: yawon yini, tafiyar ƙasa a daji da ƙaramin jirgin Lamu

"Assalamu alaikum. Ni da mai ɗakina da yaranmu biyu, mai shekara 11 da mai shekara 7, za mu je Mombasa daga Kano a hutun Disamba, kwana takwas. Ba ma son mu ƙare a zaman otal. Muna son wuraren da za a je a dawo a yini ɗaya, da 'yar tafiyar ƙasa cikin daji wadda yara za su iya, ga shi kuma yaran sun ƙwallafa rai sai sun hau ƙaramin jirgin sama. An ce mana Lamu, an ce Diani, an ce har Maasai Mara ana zuwa daga can. Ta ina za mu fara, kuma ƙananan jiragen nan ba su da haɗari?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka uku ce a dunƙule: ina za ku yada zango, wane daji ne ƙafar ɗan shekara 7 za ta ɗauka, kuma ina ya kamata kuɗin ƙaramin jirgi ya tafi. Amsata a taƙaice ita ce kada ku zauna a Mombasa kuna fita kudu yau, arewa gobe. Ku zaɓi ɓangare ɗaya, kuma ni arewa zan zaɓar muku: kwana biyu a Mombasa, uku a Watamu, biyu a tsibirin Lamu, ɗaya na ƙarshe a garin da babban jirginku zai tashi. Dalilan suna tafe, amma sai mun fara da abin da ke ɓata wa baƙi tsari, wato ruwan tekun kansa.

Ruwa, iska da rana

Wanda ya saba da kogi ko dam yakan ɗauka inda ya bar bakin ruwa jiya nan zai same shi yau. Teku ba haka take ba. Sau biyu take cikowa, sau biyu take janyewa a kowane yini da dare, kuma lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kullum. A wannan gaɓar, tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa takan kai kusan mita 4 idan abin ya yi ƙarfi. Inda kwale-kwale ya ɗauke ka da safe, da hantsi sai ka tarar da shi zaune a kan yashi, ruwa ya yi nisa. Ƙarfin nan da wata yake tafiya, saboda haka kalandar Musulunci da ke wayarka ta ishe ka hasashe: kwanakin tsayuwar wata da na sha huɗu zuwa sha shida ruwa ya fi cikowa ya fi janyewa, kuma a irin waɗannan ranaku janyewar takan faɗo da hantsi. Wajen bakwai da takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, motsin kaɗan ne. Kowane otal na kirki yana liƙa jadawalin ruwa na ranar a wurin karɓar baƙi. Ka riƙa duba shi kowane dare kafin ka yi alƙawari da mai jirgin ruwa.

Iska kuma biyu ce. Daga wajen Disamba zuwa Maris ta arewa maso gabas ke kaɗawa, mutanen wurin suna ce mata kaskazi. Lokacin ruwa ya fi kwanciya, ya fi haske, ana ganin kifi da murjani sosai. Daga Afrilu zuwa wajen Oktoba sai ta kudu, kusi, ta karɓa, teku ta yi fushi, ciyawar ruwa ta taru a bakin gaɓa, babbar damina kuma ta sauka tsakanin Afrilu da Yuni. Disamba ɗinku ya dace: ƙaramar damina tana ƙarewa, kaskazi tana shigowa. Illarsa biyu. Ta farko zafi mai gumi, ba irin busasshen zafin Kano ba, kuma za ku baro hunturu ne ku faɗa cikinsa kai tsaye. Ta biyu, daga tsakiyar watan zuwa sabuwar shekara mutanen Nairobi da Turawa suna kwararowa, ɗaki da kujerar jirgi su yi tsada su kuma ƙare. Tikitin Lamu a fara saya, sauran tsari ya biyo bayansa.

Mombasa tana kusa da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen shida, tana faɗuwa wajen shida da rabi, kuma duhu ba ya jira. Duk tafiyar ƙasa a gama ta kafin sha ɗaya, ko a fara ta bayan la'asar. Agogon Kenya yana gaban na Najeriya da awa biyu. Akwai kuma lissafin lokaci na Sawahili, wanda ke fara ƙirga daga shida na safe: idan direba ya ce maka "saa mbili", ƙarfe takwas yake nufi. Mutane sun sha rasa jirgin ruwa a kan wannan, don haka a nuna lokacin a fuskar waya kowa ya gani. Alƙibla a nan kusan arewa ce sak, domin Mombasa da Makka kusan layi ɗaya suke. Jikinka zai riƙa ja ka gabas, kada ka biye masa.

Mombasa ba ta wuce kwana biyu ba

Daga Kano, jirgin Ethiopian yana bi ta Adis Ababa ya sauka Mombasa ba tare da an ratsa Nairobi ba, wannan ya fi sauƙi da yara. Ku riƙe katin rigakafin shawara na kowa da kowa. Dokar izinin shiga Kenya ta canza a Janairun 2024, ta sake canzawa a 2025 ga 'yan Afirka, saboda haka ka duba shafin hukumarsu a makon da za ku tashi. Da saukarku ka sayi layin waya da fasfonka a buɗe maka M-Pesa, wato asusun biyan kuɗi ta waya, domin wuraren shaƙatawa na gwamnati ba sa karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, ta intanet ake biya, kuma kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa.

Safiya ɗaya ta ishe ku ganuwar Fort Jesus, wadda Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593, da lungunan tsohon gari da ke jikinta. Da yamma ku tafi Haller Park a Bamburi. Ramin haƙar dutsen siminti ne da aka bari fayau, sai wani masanin noma ɗan Suwizalan, René Haller, ya fara farfaɗo da shi a 1971. Ya dasa wata bishiya mai jure gishiri, ya zuba ƙadandoniya ta cinye ganyen da ke zubowa ta mai da shi taki, a hankali ƙasa ta samu. Yanzu akwai raƙuman dawa da dorina da manyan kunkuru, hanyoyin kuma shimfiɗaɗɗu ne masu inuwa. Nan za ka gwada ƙafar ƙaramin. Idan ya yi awa biyu bai nemi a ɗauke shi ba, zai iya abin da ke gaba.

Me ya sa na ce arewa

Diani da ke kudu tana da kyawun yashi, babu musu. Daga can ana zuwa Shimba Hills, wuri ɗaya tilo a Kenya da ake samun wani baƙin ɗan'uwan gwanki mai lanƙwasassun ƙahoni, ana kuma gangarawa zuwa magangarar ruwa ta Sheldrick, mai tsayin kimanin mita 20, tare da ma'aikacin daji mai bindiga saboda giwaye. Gangarar kusan kilomita 2 ce, kuma sauka ba wuya, hawowa da rana tsaka ne ke sa manya ma numfarfashi. Ana zuwa Shimoni a shiga jirgin ruwa zuwa gandun ruwa na Kisite da tsibirin Wasini, yini guda cur. Akwai dajin Kaya Kinondo na ƙabilar Digo, wanda suke girmamawa a al'adarsu: ana ɗaura wa baƙo baƙin zane, ba a tsinkar ko ganye, kuma ana neman a cire abin da ke ka. Wannan na ƙarshe sai a tambaya tun kafin a je, saboda uwargida da hijabinta.

Matsalar kudu ita ce wuraren a warwatse suke, kowanne sai an yi awa ɗaya ko fiye a mota, kuma kudu ba ta kan hanyar Lamu. A Watamu kuwa daji, da kufan tsohon gari, da mashigin teku, da murjani duk suna cikin tafiyar minti 20 zuwa 30 da juna, filin jirgin Malindi ma yana kusa. Da yara, ƙarancin zaman mota shi ne rabin jin daɗin tafiya. Daga Mombasa zuwa Watamu ɗan sama da kilomita 100 ne, amma ka ware awa uku saboda cunkoson Mtwapa. Ku ɗauki shatar mota, motocin haya na matatu da kaya da yara wahala ce.

Dajin Arabuko-Sokoke

Wannan shi ne mafi girman abin da ya rage na dajin gaɓar tekun gabashin Afirka, kimanin murabba'in kilomita 420. Kada ku je da tsammanin ganin zaki. Dajin ƙananan halittu ne da tsuntsaye, kuma wanda ya shiga ba jagora zai fito ya ce bishiyoyi kawai ya gani. Ofishin dajin yana kusa da Gede, a nan ake biya a ɗauki jagora. A yi magana da shi tun jajibiri, a faɗa masa shekarun yara, a nemi zagaye na awa biyu.

Ku kasance a ƙofa da shida na safe. Dalili shi ne dabbar da aka fi zuwa gani da sassafe take kiwo. Wata 'yar halitta ce mai dogon hanci mai motsi, jikinta ja-ja mai duhu, ƙugunta kuma ruwan zinariya, tana tonon busasshen ganye tana neman ƙwari. A duniya a wannan yankin kaɗai take. Kafin a gan ta akan ji ƙarar ganye, da ta ji motsin mutum sai ta buga wutsiya a ƙasa ta arce. Yaron da ya iya yin shiru na minti biyar zai gan ta. Akwai kuma 'yar ƙaramar mujiya ta Sokoke, ba ta kai tsawon tafin hannun babba da yawa ba, tana kwana da rana a ɓangaren dajin mai jar ƙasa da cunkoson bishiya. Jagorori sukan san inda take kwana, amma sai an shiga da mota, ƙarin kuɗi ne da ƙarin lokaci. Ga yara, ɓangaren da ƙasarsa farin yashi ce, bishiyoyinsa a buɗe, ya fi daɗin tafiya kuma an fi ganin tsuntsu.

Kayan shiga: takalmi rufaffe da safa, dogon wando, ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane babba, lita ɗaya ga kowane yaro, hula, man sauro. Abin da ya fi cutar baƙi a nan kwarkwasa ce. Takan yi layi baƙi ta ratsa hanya, musamman bayan ruwan sama, mutum ya tsaya a kai yana kallon tsuntsu a sama, kafin ya ankara ta kai cinya. A koya wa yara duba ƙasa kafin su tsaya, a tsallake layin da faɗi, a cusa ƙafar wando cikin safa. Idan ta hau, cirewa ake yi da hannu ɗaya bayan ɗaya, kakkaɓewa ba ta sauke ta. Da an dawo a duba kaska a bayan gwiwa da ƙugu. Akwai giwaye a dajin, shi ya sa aka kewaye shi da wayar lantarki. Idan jagora ya ce a juya, a juya ba gardama.

Gede da Mida

Bayan fitowa daga daji, a huta, da la'asar a shiga kufan Gede. Garin Musulmin Sawahili ne da ya bunƙasa ɗaruruwan shekaru, aka watse daga cikinsa a ƙarni na 17, daji ya rufe shi. An fara tono shi sosai a 1948, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2024. Za ku ga babban masallaci da mihrabinsa da mumbarinsa a tsaye, da rijiyoyi da wurin alwala, da fada, da kabari mai ɗauke da shekarar 802 ta Hijira, wato 1399. An tono tangaran na Sin a wurin, shaidar nisan cinikinsu. Saiwoyin kuka da na ɓaure sun rungume bangon murjani. Tafiyar a miƙe take, awa ɗaya da rabi ta isa. Birai sun saba da mutane, kada yaro ya riƙe ayaba ko biskit a hannu. A bakin ƙofa akwai gidan malam-buɗe-littafi na Kipepeo, inda manoman gefen daji ke kiwonsu tun 1993 suna sayarwa ƙasashen waje. Minti 30 ne, kuma yara sukan fi tuna shi a kan fadar.

Mida mashigin teku ne da bishiyoyin ruwan gishiri suka kewaye, waɗanda ake kira mikoko. An yi gadar katako mai lilo a kan igiya, tsawonta wajen mita 260, ta ratsa cikinsu zuwa rumfar kallon tsuntsaye. A nan jadawalin ruwa ke aiki. Idan ka je ruwa ya janye, tsuntsaye suna can nesa a kan taɓo, sai ɗigo-ɗigo. Ka isa kamar awa biyu kafin cikar ruwa, ka zauna, ruwan zai riƙa koro su zuwa gabanka. Disamba lokacin baƙin tsuntsaye ne da suka gudo daga sanyin arewacin duniya, har da wani fari da baƙi mai kaurin baki da ke fasa ƙaguwa. Gadar tana rawa, wasu katakan akwai tazara tsakaninsu. Ƙaramin ya shiga tsakanin manya biyu, hannayensa duka a kan igiya, waya a aljihu.

Maganar shiga ruwa

Zan tsananta a nan, domin yawancinmu 'yan arewa ba mu iya iyo ba, kuma kunya takan hana mu faɗa. A gandun ruwa na Watamu, wanda aka kafa a 1968, akwai jiragen ruwa masu gindin gilashi, ana ganin kifi daga zaune. Kafin ka biya, ka ce a nuno maka rigunan hana nutsewa guda huɗu, biyu daidai jikin yara. Rigar babba a jikin yaro zamewa take yi ta kansa da ya faɗa ruwa. A ɗaure su tun a kan yashi. Wanda zai leƙa ruwa da tabarau ya riƙe tayar da aka ɗaure da igiya, kada ya taka murjani, yana yanka kuma yana mutuwa.

Idan ruwa ya janye za ku ga mutane suna takawa can ciki, samari kuma za su zo su ce su raka ku. Yawo ne mai kyau, amma a yi ciniki tukuna, a sa takalmin roba mai kauri saboda wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi da ke ɓuya a ramukan dutse. Ƙayarta tana karyewa cikin fata. Idan ta soki mutum a jiƙa ƙafar a ruwa mai zafi daidai jurewa, a cire wadda ta fito, a kai sauran asibiti. Babban haɗarin shi ne dawowar ruwa: ba daga gabanka kaɗai yake zuwa ba, kwaruruwan da ke bayanka yake fara cikawa, sai ka waiga ka ga ruwa tsakaninka da tudu. Da lokacin ƙarshen janyewa ya yi, a kamo hanyar dawowa.

Idan kun sami yammaci ɗaya ba abin yi, Marafa tana arewa maso yammacin Malindi, ramuka ne da zaizaya ta sassaƙa a ƙasa ja da fari. Sai dab da faɗuwar rana, da rana tsaka zafin wurin ba ya shiguwa. In lokaci ya ƙure a bar ta, ba a yi asara ba.

Ƙaramin jirgi: ina, wane iri, da me

Maasai Mara, gandun namun daji da ke can cikin ƙasar, daga gaɓar teku kusan awa biyu ce a ƙaramin jirgi, kuɗinta kuma zai iya cinye na sauran tafiyar. Tafiya ce mai zaman kanta, a bar ta sai wani zuwan. Lamu ce wurin da jirgi ke da hujja. Hanyar mota tana bi kusa da dajin Boni, inda 'yan al-Shabaab suka sha kai hari, shi ya sa ƙasashe da yawa ke ba mutanensu shawarar su shiga tsibirin ta sama. Daga Malindi kusan rabin awa ce.

Sai dai "ƙaramin jirgi" iri biyu ne, kuma ka tambaya kafin ka saya. Akwai Dash 8 mai farfela biyu, mai ɗaukar mutum talatin da wani abu zuwa saba'in da wani abu, da ma'aikaciya da banɗaki. Shi ya fi yawa a hanyar Malindi da Lamu, kamfanoni irin su Jambojet da Skyward da Safarilink suna aiki da irinsa. Akwai kuma Cessna Caravan mai farfela ɗaya a hanci, mutum goma sha biyu ko kusa da haka, kana zaune kana ganin matuƙi da allonsa. Wannan ne yara ke nufi. Aikinsa kamar hayis ɗin tasha ne, yakan sauka a fili biyu ko uku ya ajiye fasinja ya ɗauki wasu, saboda haka lokacin da aka rubuta a tikiti yana iya motsawa. Wane jirgi ke bin wace hanya yana canzawa da kakar baƙi, kamfanin ne zai faɗa maka na ranarku. Idan Dash 8 kuka samu, yara ba za su yi ƙorafi ba: ana takawa a ƙasa zuwa jikinsa, farfela tana juyawa a gefen taga, kuma a gajeriyar hanya irin wannan ba ya yin sama sosai. Wajen tafiya Lamu ku nemi tagar hagu, ta nan ake ganin inda kogin Tana ya shiga teku.

A Caravan ƙa'idar kaya kilo 15 ce ga kowane mutum, har da jakar hannu, kuma a jaka mai laushi. Ma'ajiyar kayan tana ƙarƙashin cikin jirgin, ƙofofinta ƙanana ne, akwati mai tauri mai taya ba ya shiga. Wannan ne ke jawo rigima a filin jirgi. Mafita ita ce ku bar manyan akwatuna a otal ɗin da za ku koma, ku ɗauki kayan kwana biyu. Za a iya tambayar nauyin jikinku ko a ce wane ya koma waccan kujera. Ba raini ba ne, daidaita nauyin gaba da baya ake yi, kuma jirgin da nauyinsa ya karkata baya yana wahalar sarrafawa wajen tashi. Babu banɗaki, a kai yara kafin a hau. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya. A ba yara cingam ko alewa wajen sauka saboda toshewar kunne, wanda ke da mura kuma zai fi jin zafin. Ku zaɓi tashin safe: da rana ƙasa takan yi zafi, iska mai ɗumi ta riƙa tasowa, ƙaramin jirgi ya yi ta tsalle, mai saurin amai ya sha wuya. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska kada ya hau jirgi sai bayan awa 18 zuwa 24, amma leƙen ruwa daga sama ba ya cikin wannan.

Game da haɗari, ba zan ce maka babu ba. A Oktoban 2025 wani Caravan da ya tashi daga Diani zuwa Maasai Mara ya faɗi a tuddan Kwale jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 11 da ke ciki suka rasu. Irin wannan jirgi yana tafiya ƙasa-ƙasa, cikin gajimare da ruwan sama da babban jirgi ke hayewa samansu, shi ya sa yanayi ya fi shafarsa. Abin da ke hannunka shi ne ka sayi kujera a jirgin da ke kan jadawalin kamfani mai lasisi, ka guji shatar da wani dillali ya haɗa maka da araha, kuma idan an ce an ɗage tashi saboda hadari ya haɗo, kada ka shiga sahun masu matsa wa ma'aikata. Hanyar Malindi zuwa Lamu gajeriya ce, a kan gaɓa, babu tsauni. Idan zuciyarka ba ta kwanta da mai inji ɗaya ba, Dash 8 yana nan.

Lamu

Filin jirgin yana tsibirin Manda ne, daga nan sai a taka zuwa gada a shiga jirgin ruwa na 'yan mintuna a tsallaka. Ka sa masaukinku ya turo wanda zai tarye ku, domin masu ɗaukar kaya da masu jirgi za su yanyame ku. Garin Lamu ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2001, lungunansa ba sa ɗaukar mota, jaki da ƙafa da jirgin ruwa ne abin hawa. Gari ne na malamai. Masallacin Riyadha da Habib Swaleh ya kafa shi ne cibiyar Maulidin da ake taruwa dominsa daga ƙasashe da dama a Rabi'ul Awwal. Mutanen gaɓar nan Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla yana kuma ɗaga murya a ƙunutin Asuba. Abinci ba abin damuwa ba ne, ga pilau, ga kifi da miyar kwakwa, ga ruwan ɗanyar kwakwa da suke kira madafu.

Tafiyar ƙasa ta Lamu ita ce daga gari zuwa ƙauyen Shela, kimanin kilomita 3 a bakin ruwa, minti 45 da yara. A yi ta da safe idan ruwa ya janye, domin in ya ciko yana rufe wani sashe na hanyar. Bayan Shela tuddan yashi ne da bakin teku mai tsawon kusan kilomita 12. Kada ku yi nisa ku kaɗai, kuma kada yara su shiga ruwa a bakin mashigin, jan ruwa a wurin yana da ƙarfi. A dawo a jirgin ruwa. Kufan Takwa da ke Manda, da masallacin Juma'arsa mai ginshiƙi a saman bangon alƙibla, akasin haka ne: ta wata siririyar hanya cikin mikoko ake shiga, sai ruwa ya ciko, kuma wanda ya daɗe a ciki jirginsa zai zauna a taɓo ya jira cikowa ta gaba. Shela da safe a janyewa, Takwa da yamma a cikowa, suna iya haɗuwa a yini ɗaya idan ranar ta faɗo kusa da tsayuwar wata ko tsakiyarsa. Mai jirgi ya san wannan, a bar shi ya sa lokaci.

Kuɗi ban kawo ba da gangan, domin farashin tikiti da na shiga gandu yana canzawa, na Disamba kuma daban ne. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na yara likitansu ne zai tsara, amma gidan sauro kam a tabbatar akwai a kowane masauki. Kada ka haɗa tashi daga Lamu da jirginku na komawa gida a rana ɗaya. Tikiti biyu ne na kamfanoni biyu, idan na farko ya makara na biyu ba ruwansa. Idan kuma ta Nairobi za ku fita, ka duba filin da jirgin Lamu zai sauka, domin da yawansu Wilson suke sauka, jiragen ƙasashen waje kuwa daga Jomo Kenyatta suke tashi, kuma tsakanin filayen biyu a lokacin cunkoso ana iya cin fiye da awa ɗaya.